Rumbu da Albashi: Sharhi a kan Tattalin Gida da Sha'anin Bashi a Birnin Katsina

Daga cikin mas'alolin da suka shafi kowane gida a birnin Katsina, tun daga tsofaffin zaurukan da ke kewaye da Ƙofar Soro da Gobarau har zuwa sababbin unguwannin da suka tsallake ganuwa suka bazu ta hanyar Jibiya da ta Dutsinma, babu wadda aka fi fama da ita a ɓoye, aka kuma fi jin nauyin tattauna ta a sarari, kamar mas'alar abin da ke shigowa hannun maigida, da abin da ke fita daga cikinsa, da kuma giɓin da ke tsakanin biyun, wanda galibi bashi ne ke cike shi. Mutum zai faɗa wa amininsa ciwon da ke jikinsa, ya faɗa masa saɓanin da ke tsakaninsa da iyalinsa, amma da wuya ya bayyana masa adadin abin da ake bin sa. Sau da yawa ma shi kansa bai taɓa zama ya haɗa jimlar ba, domin tsoron abin da lissafin zai nuna masa.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma sun yi gaskiya, domin babu al'ummar da mu'amalarta ke gudana ba tare da shi ba. Abin da wannan sharhi zai yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, ba cin bashi kansa ne ke karya magidanci ba, sai dai bashin da aka ci ba tare da an san adadinsa ba, ba a rubuta shi ba, ba a yanke masa ajali ba, ba a kuma tanadi ƙofar da biyansa zai fito ba. Kuma cewa maganin wannan cuta ba baƙo ba ne gare mu, yana nan cikin tadbirin kakanninmu da cikin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan wannan birni tun zamanin Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina.

A dā, lissafin gida lissafin shekara ne, kuma ido na ganinsa. Idan kaka ta yi, aka girbe gero da dawa aka ɗaure dammuna, maigida ya fitar da zakka, ya ware iri, ya ware abin da za a sayar don haraji da sutura, sa'an nan ya zuba sauran cikin rumbu, to ya riga ya san, tun kafin sanyin hunturu ya sauka, ko abincin gidansa zai kai shi wata kakar ko zai yanke masa a tsakiyar damina. Wanda ya ga hatsinsa ba zai kai ba, ba ya jira sai rumbu ya yi ƙasa. Yakan rufe shi da rani ya tafi cin rani, ko ya kama saƙa, ko jima, ko fatauci, don a bar hatsin zuwa lokacin noma, sa'ad da jiki ke bukatar ƙarfi kuma tsada ke kai matuƙa. Wannan shi ne irin tadbirin da Annabi Yusufu, Alaihis Salamu, ya yi wa mutanen Masar ishara da shi, na ajiye amfanin shekarun yalwa a cikin zangarniyarsa saboda shekarun tsanani, kuma mutanen da suka ga yunwar 1914 da farin 1973 ba su bukaci a yi musu dogon tafsiri a kansa ba.

Kada mai karatu ya zaci cewa wancan zamani ba a cin bashi. Wata Baturiyar Ingila masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa, kudu da birni kaɗan, a shekarar 1967, ta bi gidajen manoma ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da littafi a kan abin da ta gani a 1972. Abin da ta tarar kuwa yana da ban tausayi: matalaucin manomi yakan sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da ya fi araha, saboda haraji da bashin da ke kansa, sa'an nan ya dawo ya saye shi da damina a hannun mawadacin da ya ajiye, da tsada mai tsanani, idan abin saye ya gagara, sai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani, tasa ta yi ciyawa, amfaninta ya ragu, baɗi ya fi bana talauci, har a kai ga jinginar da gonar ko sayar da ita. Ta kuma lura cewa mafi talauci a cikinsu ko bashin ma ba ya samu, domin mai bayarwa yana duban inda za a biya shi. Shekaru goma bayan haka wani masani, Michael Watts, ya yi irin wannan bincike a ƙasar Kaita, ya ga yadda bashin da aka ci da damina ke cinye amfanin gona tun kafin ya shiga rumbu. Darasin da ke ciki bai tsufa ba: wanda bukata ta tilasta wa sayarwa a lokacin araha da saye a lokacin tsada, yana biyan wata tara a kan talaucinsa wadda mawadaci ba ya biya.

Sa'an nan zamani ya juya, kuɗi suka maye gurbin hatsi a matsayin ma'aunin arzikin gida. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratso Katsina a 1851, da wuri ake ciniki, ana ƙirga shi dubu-dubu. Turawa suka kawo fam da sule da kwabo, suka wajabta biyan haraji da su, gyaɗa da auduga suka zama hanyar samunsu. Aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, aka sami ajin mutane da ba a saba da su ba, wato malaman makaranta da ma'aikatan En'e, waɗanda kakarsu ke zuwa sau goma sha biyu a shekara. A ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, aka yi ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, aka soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, birni ya cika da ma'aikata da 'yan kwangila. Albashi shi ne rumbun ma'aikaci, sai dai rumbu ne wanda ba a leƙa shi a ga inda hatsi ya tsaya, wanda kuma, tun da kuɗi suka koma cikin waya, ana iya ɗibarsa da tsakar dare ba tare da ko matar gida ta ji motsi ba. Sauƙin fitar kuɗi ya ƙaru ninki-ba-ninki, alhali ɗabi'ar lissafinsu ba ta biyo baya ba.

Adalci ne kuma a faɗi cewa matsin da magidanta ke ciki a 'yan shekarun nan ba duka ne laifin hannunsu ba. A 2019 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 30,000, wanda a lokacin ya haura dalar Amurka 80. A watan Yuli 2024 aka ɗaga shi zuwa naira 70,000, wanda bai kai dala 50 ba. Adadi ya ninka, amfani ya ragu. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma a cikin shekarar 2024 ɗin alƙaluman hukuma suka nuna hauhawar farashin kaya ta wuce kashi 34 cikin 100, ta abinci kuwa ta taɓa kashi 40. Mai naira 70,000, idan ya raba su kwana talatin, abin da ke hannunsa kowace rana bai kai naira 2,400 ba, a ciki zai ci da iyali, ya biya haya, ya hau Keke Napep, ya sayi magani. Katsina kuma tana da nata ƙarin nauyi: rufe iyaka da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, sun gurgunta cinikin Jibiya da Maraɗi wanda gidaje masu yawa ke ci daga gare shi, ta'addancin 'yan bindiga a Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari ya hana noma gonaki masu yawa, ya koro dangi zuwa birni, har magidancin da a dā ake aiko masa da buhun gero daga ƙauye ya wayi gari shi ke ciyar da masu aikowar, wani lokaci ma shi ke yawon neman gudummawar kuɗin fansa.

To amma idan muka ɗora laifin duka a kan gwamnati da zamani, mun yi wa kanmu ƙarya, domin akwai wata ƙofa wadda mu muka buɗe ta da hannunmu, ita ce ƙofar bukukuwa. Shari'a ta sauƙaƙa aure matuƙar sauƙi, ta sanya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari a mazhabar Imamu Malik, ta kwaɗaitar da walima gwargwadon hali. Al'ada kuwa ta zo ta jera kayan na-gani-ina-so, da lefe mai akwatuna jere, da kayan ɗaki da uban amarya zai shekara yana biya, da gara, da anko, da kamu, da liyafar otel, har ya zama aure ɗaya yana barin gida biyu cikin bashi, na ango da na surukansa. Biki da mata ke yi wa juna, wanda asalinsa taimakekeniya ce, ya zama bashi mai rai, domin wadda aka kawo wa dubu biyar ta san ranar bikin mai kawowar sai ta mayar da abin da ya fi haka, ko tana da shi ko ba ta da shi. Haka ragon suna da na layya: sunna ce ga mai iko, amma sau nawa mutum ke cin bashin rago don kada maƙwabta su ga gidansa ba hayaƙi, ya shiga watan Muharram yana ɓuya wa mai dabbobi? Wannan ba karamci ba ne, riya ce da ta ari rigar karamci, kuma Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Isra'i da Suratul Furƙani, ya yi hani ga almubazzaranci kamar yadda ya yi hani ga ƙwauro, ya yabi masu tsayawa tsakatsaki.

Bashin da ke yawo a birni iri-iri ne, kuma wajibi ne a rarrabe su, domin hukuncinsu da illarsu ba ɗaya ba ne. Mafi yawansa shi ne na mai shagon unguwa, wanda ke da littafi yana rubuta tiyar shinkafa da kwalbar mai da sabulu har ƙarshen wata. Wannan rahama ce, sai dai yana da aibi ɓoyayye, shi ne mai ɗauka ba ya tayawa, ba ya kuma jin zafin fitar kuɗi, sai ranar da albashi ya shigo ya tarar rabinsa na watan da ya wuce ne, ya biya, ya sake buɗe sabon shafi tun ranar biyar ga wata. Sai adashi, wanda shi ne bankin mata da 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis tun kafin a san banki, kuma malamai da yawa sun halatta shi saboda kowa abin da ya zuba yake kwasa ba ƙari. Fa'idarsa ita ce yana tilasta wa mutum ajiya. Amma a sani cewa mai kwasar farko bashi ya ci, mai kwasar ƙarshe bashi ya bayar, kuma a shekarar da farashi ke tashi da kashi 34 cikin 100, wanda ya jira wata goma abin da zai karɓa ya rasa kimanin kashi ɗaya bisa biyar na ƙarfin sayensa. Saboda haka adalci shi ne a taƙaita zagayen, a riƙa juya jeri, a kuma zaɓi uwar adashi saboda amanarta, ba saboda daɗin bakinta ba.

Mafi hatsari shi ne bashin da ke haihuwa. Ma'aikaci yakan karɓi rance a banki ko a ƙananan bankuna bisa sharaɗin a riƙa yanka daga albashinsa, ya ƙara da na ƙungiyar ma'aikata, ya ƙara da babur ko firji na biya-sannu-sannu, har abin da ke isowa hannunsa ya kasa kai shi mako guda, ya koma ga mai ba da kuɗi da ruwa don ya cike. A dubi lissafin: wanda ya karɓi naira 100,000 bisa ruwan kashi 10 cikin 100 kowane wata, in yana biyan ruwan kaɗai, a shekara ya biya naira 120,000 kuma uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba, in kuwa ya kasa biya ana tara ruwan a kan uwa, idan shekara ta cika abin da ake bin sa ya haura naira 310,000. Wannan ita ce ainihin ribar Jahiliyya, wadda ake ce wa mai bashi ko ya biya ko a ƙara masa. Yanzu kuma ta shigo cikin waya, ta hanyar manhajojin da ke ba da rance cikin minti kaɗan, sa'an nan in an yi jinkiri su aika wa duk lambobin da ke wayar mutum saƙon cin mutunci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame kan wasunsu a Legas a 2022. Wanda bashi ya shaƙe kuwa shi ne farkon abin farautar masu alkawarin ninka kuɗi, kamar yadda aka gani a rushewar MMM a Disamba 2016 da ta CBEX a Afrilu 2025.

Idan muka koma ga shari'a, za mu tarar ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ba a kan salla ta sauka ba, ba kuma a kan azumi ba, a kan bashi ta sauka: ta yi umarni da a yanke masa ajali sananne, a rubuta shi ƙarami ne ko babba, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, a kuma kafa shaidu, ayar da ke biye ta zo da hukuncin jingina, wadda ta gabace su kaɗan kuma ta umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi wa Sallama, ya ci bashi, har ya yi wafati sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'irin da ya karɓar wa iyalinsa, wanda ke nuna cewa bashin larura ba abin kunya ba ne. Amma shi ne kuma ya dakata daga sallatar gawar wani mai bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya, ya kuma kira taurin bashin mawadaci zalunci. Malaman da ke karantar da Risala da Askari sun san cewa ba a raba gado sai an biya bashi, cewa bashi yana sarayar da zakkar tsabar kuɗi amma ba ya sarayar da ta hatsi da ta dabbobi, cewa alƙali yana da ikon hana wawa tasarrufi da dukiyarsa, kuma wanda aka tabbatar da fatararsa ba a tsare shi, ana bar masa abin ci da sutura shi da iyalinsa. Abin mamaki shi ne, a birnin da yara ke haddace ayar bashi tun suna ƙanana, mutum yana jin kunyar ce wa ɗan'uwansa su rubuta, kamar rubutu tuhuma ce. Alhali kuwa shari'o'in da ke cika kotuna, da zumuncin da ke yankewa bayan rasuwa, da yawa daga cikinsu daga wannan kunyar suke fitowa.

Haka nan fiƙihu bai rufe ƙofa ba sai da ya buɗe wata. Ya hana rancen da ke jawo wa mai bayarwa amfani, kuma a nan ne jinginar gona ko gida, inda mai kuɗi ke nomawa ko karɓar haya har ranar da aka biya shi cif, take faɗawa cikin haramci ko da al'ada ta saba da ita. Amma ya halatta sayar da kaya zuwa ajali da farashin da aka yanke tun farko, wanda ba ya ƙaruwa saboda jinkiri; ya halatta salam, wato a biya manomi kuɗi yanzu a kan hatsi mai sanannen awo da siffa da lokaci; ya halatta ƙiradi, mai dukiya ya ba da jari, mai sana'a ya yi aiki, a raba riba. A kan waɗannan ƙa'idoji ne bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suka gina cinikinsu, ko da yake halaccin ciniki ba ya mai da shi mai araha, kuma wanda ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa ta halastacciyar hanya zai sha wuyar biya kamar kowa.

To mene ne tadbirin da ya kamaci magidanci? Na farko, ya san abin da ke shigo masa a haƙiƙa, ba abin da yake fata ba. Ɗan kasuwa ya raba jari da riba, ya yanka wa kansa abin cefane sananne, domin wanda ke cin abinci daga cikin jari ba ya ankara sai ranar da ya je sari. Na biyu, ya sami littafi ko da na ɗan firamare ne, ya rubuta duk abin da ya fita har wata guda, ba tare da ya raina kuɗin kati ko na goro ko na shayi ba. Da yawa waɗanda suka gwada haka sukan tarar ba babbar hidima ce ke cinye su ba, ƙananan da ba a ƙirgawa ne. Na uku, ya jera bukatunsa bisa tsarin da malaman usulu irin su Imamu Shaɗibi suka jera maslahohi: larura, wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita, kamar ci da muhalli da magani, sai bukata, wadda rashinta ke kawo ƙunci, kamar abin hawa da kuɗin makaranta mai kyau, sai ƙawa, wadda ke ƙara wa rayuwa armashi. Ana cin bashi saboda ta farko, ana iya cinsa saboda ta biyu in an ga hanyar biya, amma ba a cinsa saboda ta uku har abada. Na huɗu, ya tuna cewa haya da kuɗin zangon makaranta da azumi da salla ba ba-zata ba ne, ranakunsu sanannu ne tun farkon shekara, sai a raba su kashi goma sha biyu a riƙa cire wa kowane wata rabonsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyar, wanda ya sami iko ya sayi hatsinsa da kaka a Charanchi ko Mai'aduwa ko Dandume ya adana, ya kuma mai da ajiyarsa abin da ba ya narkewa da faɗuwar naira, ko tunkiya ce, don kada ya zama shi ne mai sayen tsada na kowace damina.

Wannan lissafi kuma ba ya kammala in an ɓoye shi ga uwargida. Ciyarwa wajibi ce a kan miji gwargwadon halinsa, kamar yadda Suratuɗ Ɗalaƙi ta bayyana, dukiyar mace kuwa tata ce, ko ta ƙuli-ƙuli ce ko ta ɗinki ko ta albashi. Abin da ta sa a tukunya daga nata kyauta ce ko rance, kuma ya kamata a san wanne ne tun farko. Amma mijin da ke ɓoye wa matarsa adadin samunsa don kada ta raina shi, yana tilasta mata ta yi bukata bisa zato, zato kuwa kullum ya fi gaskiya yawa. Ita ce ke riƙe da tiya da ludayi, ita ta san inda ake ɓarna da inda za a rage, kuma sau da yawa asusunta da 'yan awakinta ne ke fitar da gidan kunya ranar da ciwo ya faɗo da dare.

Wanda kuwa ya riga ya nutse, farkon tsirarsa shi ne ya daina haƙa sabon rami don cike tsoho. Ya zauna ya rubuta duk masu bin sa da adadin kowa, ya fara da mai ruwa domin shi ne ke girma yana barci, ya sayar da abin da ya zama ƙawa ko da mutane za su yi magana, sa'an nan ya taka da ƙafarsa zuwa wurin sauran, kafin su zo wurinsa, ya nemi a rarraba masa biya. Galibin masu bin bashi ba jinkiri ne ke fusata su ba, kashe waya da sauya hanya ne. Ya kuma sanar da magadansa, ya bar wasiyya a rubuce, domin ajali ba ya jiran ƙarshen wata.

Duk da haka, zalunci ne a ce wa wanda samunsa bai kai larurarsa ba ya gyara lissafi kawai, domin alƙalami yana tsara abin da ke akwai ne, ba ya ƙirƙiro abin da babu. A nan nauyi ke komawa kan jama'a. Allah Ya sanya waɗanda bashi ya danne cikin kashi takwas na masu cin zakka a Suratut Tauba, amma da wuya ka ji attajiri ya nemi wani magidanci mai kamun kai ya sauke masa bashin asibiti, an fi son rabon da za a yi layi a gani. Masallatan unguwanni da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da ikon kafa asusun rance marar ruwa, mai littafi da shaidu da masu lamuni, wanda zai raba mutane da masu ruwa. Masu unguwanni da limamai da manyan gidaje suna da ikon taƙaita lefe da kayan ɗaki, kuma wannan ba zai yi tasiri ba sai sun fara da auren 'ya'yansu, domin talaka ba ya kwaikwayon wa'azi, aikin manya yake kwaikwaya. Hukuma kuma haƙƙinta ne ta biya albashi da fansho da garatuti a kan kari, ta tsare hanyoyin gona, domin kowane jinkiri nata bashi ne yake zama a shagon wata unguwa.

Mas'alar dai tana da ɓangare uku, kuma kowa zai amsa tambaya a kan nasa: mai ci ya ci don larura, ya rubuta, ya yi niyyar biya, mai bayarwa ya bayar don Allah, kada ya nemi ƙari, ya jinkirta wa mai ƙunci, jama'a kuma ta daina auna mutuncin mutum da yawan akwatunan lefensa. Farashin fetur da darajar naira ba a hannun magidancin Rafindaɗi ko na Ƙofar Ƙaura suke ba, amma littafi da alƙalami, da shawara da iyali, da ƙarfin halin cewa wannan ya fi ƙarfina, suna hannunsa tun daga wannan wata. Allah Ya ba mu wadatar zuci, Ya sauke wa masu bashi nauyinsu, Ya tsare mu daga rinjayen bashi da rinjayen mazaje, amin.